Idan tayoyin jirgi suka ƙi fitowa, me matuƙi ke yi?

Ranar 29 ga Disamba 2024 jirgin kamfanin Jeju Air ya sauka a kan cikinsa a filin Muan na Koriya ta Kudu, mutum 179 daga cikin 181 suka mutu. Tun daga nan mutane da yawa suka ɗauka cewa duk jirgin da tayoyinsa suka maƙale ya gama yawo. Lamarin bai kai haka ba.

A gaban matuƙi akwai ƙananan fitilu uku, ɗaya na tayar gaba, biyu na tayoyin baya. Idan duka suka yi kore, tayoyin sun fito sun kulle. Idan ɗaya ta ƙi, sai ya fasa sauka, ya koma sama, ya buɗe littafin matakan gaggawa, shi da mataimakinsa su bi shi layi-layi. Ƙarfin matsin mai ne ke tura tayoyin, amma akwai hanya ta biyu: a saki maƙullan da ke riƙe da su, nauyinsu ya jawo su ƙasa. In hakan ma ya faskara, sai ya yi ta shawagi don rage man jirgi, motocin kashe gobara su jeru, a nuna wa fasinjoji yadda za su sunkuya.

Haka aka yi a Warso ta ƙasar Polan ranar 1 ga Nuwamba 2011. Kyaftin Tadeusz Wrona ya taso daga Amurka da Boeing 767, man da ke motsa tayoyin ya tsiyaye, hanya ta biyu kuma ta ƙi aiki, daga baya aka gano wani ɗan makunnin wuta ne ya katse. Ya fi awa ɗaya yana kewaye gari, aka watsa kumfa a kan titin sauka, ya sauke jirgin a kan cikinsa. Mutum 231, ko ɗaya bai ji rauni ba.

Bambancin Warso da Muan shi ne lokaci da kuma fili. Matuƙan Muan sun ci karo da tsuntsaye, kuma tsakanin kiran gaggawa da haɗarin kusan minti huɗu ne kawai. Duk da haka jirgin ya taɓa ƙasa bai kife ba. Abin da ya tarwatsa shi ginin kankare ne mai ɗauke da eriyar jagorar sauka, bayan ƙarshen titi. Ni a ganina, wanda ya amince da wannan gini ya fi matuƙan bashin bayani. Gwamnatin Koriya ma ta ce za ta gyara irinsa a wasu filayen ƙasar.

Mu a wannan yanki muna da namu tabon. Ranar 11 ga Yuli 1991 jirgin da ya kwaso alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato ya tashi da tayoyi marasa isasshiyar iska. Masu gyara sun san da matsalar, amma aka ƙi jinkirta tashi. Tayoyin suka fashe a kan titi, suka kama wuta, matuƙan ba su sani ba suka janye su cikin jirgi. Wutar ta ci jirgin daga ciki kafin ya dawo fili, mutum 261 suka rasu.

Saboda haka duk shekara da hukumomin alhazai na Nijar, Kamaru da Cadi ke ɗaukar hayar jirage, tambayar da ta dace a yi musu ta wuce kuɗin kujera. Wa ke duba tayoyin kafin tashi, kuma yana da ikon tsayar da jirgi ko da maniyyata sun kwana uku a sansani? Motocin kashe gobara nawa ne ke aiki a filayen Damagaram, Garwa ko Agadas ranar jigila? Me aka gina a ƙarshen titin sauka?