In aka tambaye ka kan abokin aikin da ya yi fashi da ƙarya

Ba duk yaran da suka tashi a Ambassatna ne ke son gadon shagon uba ba. Wasu sun yi karatun Faransanci da Larabci, suna kai takardunsu ONAPE, ofishin da ke kula da samar da aiki a Chadi, ko su nema a kamfanin waya, banki, gidan mai, ko ƙungiyar agaji. To, in Allah Ya sa an kira yaro ganawar ɗaukar aiki, akwai wata tambaya da kan kayar da ɗan ɗan kasuwa, ko da kuwa ya cinye ta lissafi. Za a ce masa: "Abokin aikinka ya bugo waya da safe ya ce ba shi da lafiya. Da rana an aike ka wajen gadar Ngueli, sai ga shi garau zai tsallaka Kusseri sayo kaya. Me za ka yi?"

Amsar da ta fi saurin fitowa daga bakin yaranmu ita ce, "Ba ruwana." Ba laifinsu ba ne, haka muka tarbiyyantar da su. A kasuwa rufin asiri jari ne. Wanda ya ga maƙwabcinsa cikin bashi ya kama bakinsa, shi ake kira mutumin kirki, kuma babu sunan da ya kai "annamimi" muni a layin shaguna. Sai dai mai ɗaukar aiki ba haka yake jin amsar ba. Shi abin da ya shiga kunnensa shi ne: wannan yaro zai ga ana cin kuɗin ma'aikata ya kau da kai.

Akwai kuma masu zaƙewa, su ce nan take za su garzaya wurin shugaba. Wannan ma ba ta burge kowa. Wa zai so zama ofis ɗaya da mutumin da ke kai ƙara tun bai san me ya faru ba? Ai mai yiwuwa mutumin magani ya je nema a tsallake, ko kuma ya riga ya gaya wa shugaban gaskiya kai ne ba ka sani ba.

Abin da ake aunawa a tambayar shi ne ko ka san inda rufin asiri ya tsaya, inda haɗa baki a ƙarya ya fara. Yin shiru a kan aibin mutum da bai shafi haƙƙin kowa ba, wannan rufin asiri ne. Amma a nan akwai haƙƙi. An biya shi albashin ranar da bai yi aiki ba, aikinsa ya hau kan wasu, wataƙila ma kai ne ka kai magariba kana ƙarasa shi. Idan ka sa masa hannu a rajistar zuwa aiki, ko shugaba ya tambaye ka ka ce "wallahi yana kwance", ka tashi daga mai rufa asiri ka zama abokin tarayya. Ranar da abin ya fashe, ku biyu za a kira.

Saboda haka ga irin amsar da nake ganin ta dace, a faɗe ta a natse da kowane harshe ake ganawar: "Zan fara samunsa mu biyu, in gaya masa na gan shi, in ji ta bakinsa. In akwai matsala a gida, zan ba shi shawara ya je ya nemi izini da gaskiya. Zan gaya masa ƙarara ba zan sa masa hannu ba, ba kuma zan yi ƙarya dominsa ba. In aka tambaye ni, zan faɗi abin da idona ya gani, ba ƙari. In kuma abin ya zama ɗabi'a har yana cutar da aiki, zan sanar da shugabanmu, kuma zan gaya masa kafin in je." Wannan gaɓar ta ƙarshe ce ke raba ka da annamimi, domin shi annamimi ta bayan fage yake bi.

Iyaye, ya kamata ku fahimtar da yara cewa ofis ba shago ba ne. A shago, yaro ya yi fashin kwana biyu, maigida ya yi faɗa, wani dattijo ya sa baki, magana ta mutu. A kamfani takarda ke magana. Chadi na da dokar ƙwadago tun ta Disambar 1996, kuma a wuraren da ke aiki da ita, rashin lafiya da takardar likita ake tabbatar da shi. In rigima ta kai ga sallama, gaban sufeton ƙwadago ake zuwa, shi kuwa rajista da takardu zai duba. Sa hannun da ka yi don zumunci yana nan a rubuce, da kwanan wata.

Ku ma masu shaguna a Babbar Kasuwa da Dembe, da kuke ɗaukar yara, ku ɗan duba gefenku. Sau da yawa ƙaryar ciwo na fitowa ne daga inda neman izini ya zama bala'i. Kowa ya san yadda zaman makoki ke cin kwanaki a garin nan. Yaron da ya san in ya ce zai je ta'aziyya za a yanke masa kuɗi a kuma bi shi da zagi, zazzaɓi zai ƙirƙiro.

Wani lokaci tambayar kan zo da wata siga: "Ba mu labarin lokacin da hakan ta taɓa faruwa da kai." In ba ta taɓa faruwa ba, ka ce ba ta taɓa ba, sannan ka faɗi abin da za ka yi. Kada ka ƙago labari, don masu ganawa sun iya bin diddigi da ƙananan tambayoyi har ka harɗe. In kuwa ta faru, ka ba da labarin ba tare da ambaton sunan mutumin ko wurin aikin ba. N'Djamena ba ta da girman da muke zato. Mai yi maka tambayar na iya zama surukin wanda kake magana a kansa, ko maƙwabcinsa a Kabalaye.