Kafin mu zagi matan Kance

'Yan uwa matasa, duk lokacin da aka saki bidiyon wata 'yar ƙasarmu tana bara da goyo a titunan Aljeriya ko Dakar, magana ɗaya ce ke yawo a fada da WhatsApp: wai sun zubar mana da mutunci. Wasu har cewa suke waɗannan ba iyaye ba ne. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba.

Mu tuna watan Oktoba na 2013. Motoci suka lalace a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe mutum 92: yara 52, mata 33, maza 7. Da yawansu daga yankin Kance na jihar Damagaram suka fito. Duk da haka tafiyar ba ta tsaya ba. A watan Maris na 2022 sai da gwamnati ta aika jirgi Dakar aka kwaso ɗaruruwan mabarata. Uwar da ta san ana mutuwa a hanya, kuma ta goya ɗanta ta hau mota, ai ya kamata mu tambayi abin da ta baro gida.

Kance yanki ne mai yawan jama'a. Gonar kaka an yi ta rabonta gado bayan gado, har ta koma ɗan fegin da ba ya ci da gida. Damina ɗaya ce a shekara, rumbu kan ƙare tun kafin bazara. Maigida ya tafi biɗa Najeriya ko Libiya, wani lokaci aike ya zo, wani lokaci shiru. Tiyar hatsi sai da kuɗi, magani ma haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

A fahimce ni. Wurin yaro lakol ne, bara kuwa cutarwa ce gare shi. Masu karɓar 'ya'yan mutane haya su tsallaka da su don neman kuɗi, doka ta hau kansu. Amma wallahi mu da muka samu tuwo sau uku da kuɗin karatu, ba wayonmu ne ya ba mu ba. Zagin uwar da ba ta samu haka ba bai taɓa mai da yaro ko ɗaya aji ba.

Don Allah mu daina yaɗa hotunan fuskokinsu. Ƙarfin da muke sawa wajen zagi mu kai shi ga magadan gari da hukumomi: ina abincin rana a makarantun ƙauye? Ina bankunan hatsi? Ina rijiyoyin noman rani da jari ga mata? In kuma za a zauna neman mafita, a gayyato matan Kance su faɗi da bakinsu abin da zai zaunar da su gida.