Wa Zai Ɗauki Nauyin Mai Karanta Mana Kasafi?

Duk wanda ya saba halartar bikin ƙaddamar da asusun ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu ya san yadda ake yi. A kafa rumfuna, a gayyato babban mai ƙaddamarwa daga Abuja, sanƙira ya yi ta shelar miliyoyi, wasu a biya nan take, wasu su tsaya a fatar baki. Inda kuɗin zai tafi ma sananne ne: rijiyar burtsatse, ajujuwa biyu, katangar maƙabarta, kuɗin jarrabawar marayu. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan, Allah Ya saka wa masu yi da alheri. Tambayar da nake so mu yi wa kanmu a wannan mako ita ce, ayyuka nawa ne daga cikin waɗanda muke yi wa karo-karo aka riga aka sa su a kasafin gwamnati, aka ware musu kuɗi da sunan garinmu, mu kuwa ba mu da labari?

Abin da ya faru a Bagega ya isa misali. A shekarar 2010 ne aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, sakamakon daka da niƙan duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Aka kankare gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka bar Bagega wadda ta fi su girma. Likitocin ƙungiyar MSF ba su iya fara yi wa yaran garin magani ba, domin a yi wa yaro magani ya koma yana wasa a ƙasa mai guba aikin baban giwa ne. A watan Mayun 2012 Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin Naira miliyan 850 don wannan aiki, amma wata ya bi wata babu amo babu labari. A nan ne wasu matasa, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka fara yunƙurin da suka kira Follow The Money, wato bin sawun kuɗi. Suka je garin, suka ɗauki hotuna, suka tattara alƙaluma, suka yi ta kururuwa a kafafen sada zumunta. Ba su kaɗai ba ne, MSF da masu kare haƙƙin ɗan Adam sun daɗe suna matsa lamba, amma a ƙarshen Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka fara aikin share garin, daga bisani yara suka fara karɓar magani.

A lura da abu ɗaya. Babu ƙungiyar ci gaban gari da za ta iya tara Naira miliyan 850 a wancan lokaci, ko da ta gayyato duk attajiran jihar. Kuɗin kuma ba sabo ba ne, an riga an yi alkawarinsa. Abin da aka rasa shi ne wanda ya san adadin, ya san ofishin da takardar ta maƙale, kuma ba zai gaji da tambaya ba. Abin da irin wannan aiki ke ci bai wuce kuɗin mota da na waya da ɗan alawus ba.

To, wa ke biyan waɗannan 'yan kuɗaɗe? Mafi yawan ƙungiyoyin da ke bin diddigin kasafi a ƙasar nan, tun daga BudgIT da aka kafa a Legas a 2011 da shirinta na Tracka mai duba ayyukan mazaɓu, har zuwa ƙananan ƙungiyoyin da ke Kano da Kaduna, da tallafin ƙasashen waje suke tafiya. Wannan rijiya kuwa ta fara ƙafewa. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta kammala babban shirinta na yaƙi da rashawa a Najeriya a 2024, sannan a 2025 gwamnatin Donald Trump ta rushe hukumar USAID baki ɗaya. Ko ba don haka ba, akwai abin kunya a ce mutumin da ke Shikago ne zai biya kuɗin motar wanda zai je ya duba ko an rufa wa asibitin ƙauyenmu kwano. Banda haka, tallafin waje yana zuwa ne da wa'adi, shekara biyu ko uku, a rubuta rahoto da Turanci, a ɗauki hoto a otal, a watse. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma ba zai tashi ya bar ɗakin ba idan wa'adin ya cika.

Can inda tallafin ke fitowa, tarihin gidauniyoyinsu na gari yana da abin da za mu tsinta. Ta farko a cikinsu ita ce ta birnin Cleveland a Amurka, wadda wani lauya kuma shugaban banki mai suna Frederick Goff ya kafa a 1914. Dabararsa ita ce mutanen gari su riƙa zuba wasiyya da gudummawa a asusu ɗaya, a juya uwar kuɗin ba tare da an taɓa ta ba, kwamitin mutanen gari ya riƙa raba ribar bisa buƙatar kowane zamani. A shekarunta na farko gidauniyar ba ta da wani kuɗin a zo a gani da za ta raba, sai ta duƙufa ga bincike. Ta sa aka binciki makarantun birnin, aka wallafa sakamakon cikin littattafai fiye da ashirin. Daga baya ta ɗauko malaman shari'a biyu daga Jami'ar Harvard, Roscoe Pound da Felix Frankfurter, suka jagoranci binciken 'yan sanda da kotuna da gidajen yarin birnin, aka buga rahoton a 1922. Ashe tun ran gini, aikin farko na gidauniyar gari shi ne ta nuna wa mutane alƙaluman garinsu, su ga yadda ake tafiyar da hukumominsu.

Batun ajiye uwar kuɗi a ci riba kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Waƙafi ke nan, mun san shi tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya ya bar wa mutanen Madina. Muna da hukumomin zakka da waƙafi a jihohi irin su Sakkwato da Zamfara, muna da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai masu ƙarfi, kusan kowace masarauta tana da ƙungiyar ci gabanta. Abin da ba mu saba ba shi ne mu ɗauki sanin inda dukiyar jama'a ta shiga a matsayin aikin alheri da ya cancanci kaso a asusu. Mun fi son aikin da za a liƙa wa allo mai ɗauke da sunan wanda ya bayar.

Ga shi kuwa bayanan sun fi samuwa a yau fiye da kowane lokaci. Tun ranar 28 ga Mayun 2011 aka sa hannu a Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma tanadi tarar Naira 500,000 ga wanda ya hana ba bisa ƙa'ida ba. Jihohi da dama sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta Tarayya ce, ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Afrilun 2025 cewa ta hau. Najeriya ta shiga ƙawancen ƙasashe masu alkawarin gudanar da gwamnati a fili a 2016, Jihar Kaduna ma ta shiga da kanta. Wani shirin Bankin Duniya da ya riƙa ba jihohi tukuici idan sun wallafa lissafinsu ya sa yanzu ana samun kasafin jihohi da rahoton kashe kuɗi na kowane wata uku a intanet. Abin da kwamitin rabon arzikin ƙasa ke ba kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 774 a kowane wata ana buga shi, kuma rabon ya ƙaru sosai tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura musu kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa.

Sai dai kundin kasafi mai ɗaruruwan shafuka, da Turancin akantoci da lambobi jere-jere, wanda sai mai kwamfuta da haƙuri zai iya buɗewa, bai da bambanci da rufaffen akwati a wurin manomi ko mai sayar da ƙosai. Gwamnati ta ce ta wallafa, kuma gaskiya ta faɗa. Tsakanin shafin intanet da dandalin ƙauye ne hanya ta yanke, a nan nake ganin gurbin gidauniyar gari.

Abin da nake ba da shawara ba shi da tsada. A ware kashi ɗaya cikin goma na abin da aka tara, a sa shi a jarin da ba a taɓawa, shago ne ko gidan haya. Da ribarsa a ɗauki matasa biyu 'yan garin da suka gama karatu, mace da namiji, a haɗa su da wani tsohon ma'aji ko mai binciken kuɗi da ya yi ritaya, irin dattawan da kowane gari yake da su suna zaune a ƙofar gida da ilimin da babu mai tambayarsu. Aikinsu shi ne su tsamo duk layin da ya ambaci garin a kasafin Tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma, har da ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, su mayar da shi Hausa a shafi ɗaya ko biyu, da boko da ajami, a liƙa a kasuwa da asibiti da tasha. A sayi rabin sa'a a gidan rediyo a karanta shi. Bayan wata uku su je wurin aikin da awo da kyamarar waya. Idan an yi, su faɗa an yi, a yaba wa wanda ya yi, domin wanda bai iya yabo ba ba a sauraron sukarsa. Mafi muhimmanci, a adana takardun shekara bayan shekara. Rijiyar da ta fito a kasafi sau uku a unguwa ɗaya ba a gane ta sai an jera kasafin shekaru uku.

Ba duka aikin ne na tuhuma ba. Sakatariyar ƙaramar hukuma da yawa ba ta da sahihin lissafin rijiyoyin da ke aiki da waɗanda suka lalace, ko ajujuwan da iska ta yaye. Gidauniyar da ta ƙirga waɗannan ta miƙa wa shugaban ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafi ta taimake shi, ta kuma toshe masa ƙofar cewa bai sani ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, kuma yana da hujja. Babban mai ƙaddamarwa a bukukuwanmu sau da yawa shi ne ɗan majalisar da za a duba aikinsa, ko ɗan kwangilar da aka ba aikin. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka wannan kaso bai kamata ya dogara da mutum ɗaya ba. Naira dubu-dubu daga malaman makaranta da 'yan kasuwa da 'ya'yan garin mazauna Legas da Fatakwal ta fi masa aminci fiye da miliyan goma daga hannu guda, kuma kada mai riƙe da muƙamin jam'iyya ya zauna a kwamitin da ke kula da shi. Ranar da aka ga rahoton yana tsananta wa wata jam'iyya yana sassauta wa wata, ranar aikin ya mutu. Haka kuma gidauniyar da ba ta karanta wa mambobinta lissafinta a fili ba, har da alkawuran da ba a cika ba, ba ta da bakin tambayar kowa. Ta fara da littafinta.

Akwai kuma batun kariya. An sha kama matasa da 'yan jarida a ƙasar nan da sunan dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka rubuta game da masu mulki. Saurayin da ya yi tambaya shi kaɗai ana iya kiransa ɗan adawa ko mara tarbiyya. Wasiƙar da ta fito da hatimin gidauniya, da sa hannun tsohon babban sakatare da tsohuwar shugabar makaranta da lauya ɗan gari, ba a jefa ta a kwandon shara cikin sauƙi. Wannan inuwa ta dattawa babu wata gidauniyar waje da za ta iya bayarwa.

Idan za a gwada, ga wasiƙar farko da zan so a rubuta. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na dunƙulallen kuɗin shigar Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma wani ɓangare nasa yana shiga asusun zaɓaɓɓun ƙananan asibitocin mazaɓu kai tsaye. A rubuta wa hukumar kiwon lafiya a matakin farko ta jiha, a nemi sunayen asibitocin ƙaramar hukumar da ke cikin shirin, da abin da aka tura wa kowanne a shekaru biyu da suka wuce, da ranakun da aka tura. A kai da hannu, a karɓo kwafi mai hatimi da kwanan wata. Doka ta ba su kwana bakwai, za su iya neman ƙarin wasu bakwai. Idan suka yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin ƙin bayarwa, kuma mai nema yana da kwana 30 ya garzaya kotu.