Zancen Wata: Ƙwayar Maganin Kuturta

In aka tambayi ɗan makaranta abin da masu bincike suka gano wanda ya sāke zaman duniya, zai ce lantarki, ko jirgin sama, ko rediyo. Ba mu musa ba. Amma mu a ganinmu, a ƙasar Katsina akwai wata 'yar farar ƙwaya, wadda ba ta kai wake girma ba, da ta cancanci shiga wannan lissafi.

Tun zamanin dā mutane ba su san asalin kuturta ba. Waɗansu suka ce gādo ce, waɗansu suka ce la'ana ce, a ƙasarmu har ana dangana ta da naman akuya. Sai a 1873 wani likita a garin Bergen ta ƙasar Norway, mai suna Armauer Hansen, ya duba da madubin likita, ya ga waɗansu ƙananan ƙwayoyin cuta kamar sanduna. Ashe cuta ce kamar sauran cututtuka. Maigidansa a wurin aiki ma, wanda kuma surukinsa ne, ya tsaya a kan cewa gādo ce.

To, sanin cuta dabam, samun magani dabam. Sa'ad da Mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da kutare a Babbar Ruga, bayan garin Katsina, a 1937, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, maganin da ke hannu shi ne man wani itacen ƙasar Indiya da ake yin allura da shi. Allurar tana da zafi ƙwarai, amfaninta kuwa kaɗan ne. Mutum yakan bar gona da iyali ya zauna can shekara da shekaru, ba ya sanin ranar komawa gida.

Maganin da ake kira dapsone an haɗa shi a Jamus tun 1908, amma aka ajiye shi, daga baya kuma aka ce gubarsa ta yi yawa. Abin da ya kamata mu sani shi ne, a nan Nijeriya, a asibitin Uzuakoli can ƙasar Ibo, Likita John Lowe ya nuna wajen 1950 cewa in an ba da shi kaɗan kaɗan ta baki yana warkarwa, ga shi kuma da araha. Cikin shekarun 1950 sai aka fara buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyukan Arewa, har da na lardin Katsina. Manomi ya je ya haɗiye ƙwayarsa, ya koma ya ɗauki fartanya. Mace ta sha tata, ta kwana a ɗakinta tare da 'ya'yanta. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da shekaru suka wuce, cutar ta fara fin ƙarfin dapsone shi kaɗai. Saboda haka a 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa haɗa shi da waɗansu magunguna biyu, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su. Wata shida ko goma sha biyu ake sha. Da zarar mutum ya kama sha, ba ya ƙara baza cutar, jikin yawancin mutane ma ba ya kamuwa da ita sam.

Abin da ke damunmu shi ne kunya. Gama magani yana kashe ƙwayar cuta, amma ba ya mayar da yatsar da ta riga ta gutsure. Iyaye, ku riƙa duba jikin yara lokacin wanka. In kun ga tabo mai haske a fata, ba ƙaiƙayi, ba zafi, ku sa yaron ya rufe ido, ku shafa wurin da auduga. In bai ji ba, kada ku rufe shi da riga kuna jiran bayan girbi. Ku kai shi asibiti a makon nan.