Kafin ka zuba gadonka a shagon gahawa, zo mu zauna teburin mai shayi

1/ Jama'a, zare ne mai tsawo, ku gyara zama. Ana ta yawo da zancen wai abin da ya rage wa Jega, Aliero da Maiyama shi ne shagon gahawa irin na Starbucks: ƙofar gilashi, kujerun laushi, kofi da sunanka a jiki. Wai duk wanda ya riga buɗewa ya haye. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

2/ Da kuɗin wasa ne da ban tanka ba. Amma wani kason gadonsa zai zuba, wani gonar albasa zai jinginar, wani alawus ɗin bautar ƙasa ya tara, wata zinarenta za ta sayar. Ranar da shagon ya mutu, masu danna maka layik ba za su biya maka kuɗin haya ba.

3/ Mu fara raba abu biyu: farin jini daban, ciniki daban. Farin jini shi ne ranar buɗewa, kowa ya zo da sabon ɗinki, a ɗauki hoto a ɗora a TikTok. Ciniki shi ne mutumin da zai dawo gobe da jibi da gata, ya sha ya biya ya tafi, ko waya bai ciro ba. Shagon abin sha da na biyun yake rayuwa.

4/ Ga misali. A 2016 Starbucks ya buɗe shagonsa na farko a Afirka ta Kudu, a Johannesburg. Layi har waje, hotuna ko'ina. Kamfanin da ya sayi izinin amfani da sunan, Taste Holdings, ya yi ta tafka asara, har a 2019 ya sayar da harkar gaba ɗaya kan rand miliyan 7 kacal. Layin ranar farko bai cece shi ba.

5/ Ga wani. Starbucks ya shiga Ostareliya a 2000. A 2008 ya rufe shaguna 61 cikin 80 da 'yan kai. Kuma fa mutanen can mashaya gahawa ne na gaske. Abin da ya faru: ya tarar kowace unguwa tana da ƙaramin shagonta da ta saba da shi, mai araha, mai shagon ya san kowa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

6/ Za a ce ai a Najeriya ma an yi. Ƙwarai. Café Neo, wanda 'yan'uwa biyu, Ngozi da Chijioke Dozie, suka kafa a Legas a 2012, suna kawo gahawa daga Ruwanda. Amma ina suka kafa rassansu? Irin su Victoria Island, tsakiyar ofisoshi, inda mai albashi ke fitowa kullum da safe. Sun bi mai saye ne har inda yake.

7/ To mu dawo gida. Su wa ke kan titinmu? A Jega 'yan kasuwa ne, direbobin manyan motoci, 'yan dako, 'yan kabu-kabu. A Aliero manoman albasa, dillalai, ɗaliban jami'a, da masu jinyar da suka kawo karaya wurin masu ɗori. A Maiyama manoma da matafiyan da suka miƙi hanyar Koko da Yawuri.

8/ Cikin waɗannan, wa zai tsaya minti goma yana jiran inji ya yi masa kumfa a kofi? Direban da ya taso daga Sakkwato zai gangara Kontagora, abin da yake nema shayi mai kauri, burodi, Indomie da ƙwai, ya ji cikinsa ya ɗauka. Abin karin kumallo yake saye, ko abincin dare. Gahawa tsura ba ta riƙe ciki.

9/ Sai a ce ai ɗalibai za su riƙe shagon. Ɗalibi kwastoman wata-wata ne. Farkon zango aljihu da nauyi, ƙarshen zango sai garin kwaki. Ga hutu. Ga yajin aiki: na ASUU a 2022 wata takwas ya ɗauka. Mai gidan haya kuwa ba ya tafiya yajin aiki, bashin da ka ci ma haka.

10/ Kuɗin garin ma kaka gare shi. Lokacin da ake loda albasa zuwa Kudu, Aliero kowa hannu da maiƙo. Damina ta faɗi, kuɗi ya koma taki da iri da leburori. Sana'ar da za ta rayu a nan sai wadda ke iya ƙanƙancewa in kasuwa ta ja baya. Tebur yana iyawa. Shago mai ma'aikata shida da na'urar sanyaya ɗaki ba ya iyawa.

11/ Mu zo kan kashe kuɗi. Injin gahawa wuta yake ci kamar dutsen guga, kuma sai ya wuni a kunne. Madara sai firji. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40, ba mai zama a ɗakin gilashi babu sanyi. Wato janareto. Fetur kuwa tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023, daga ƙasa da ₦200 ya haura ₦1,000 kafin ƙarshen 2024.

12/ Injin, kayan gyaransa, da yawancin ƙwayar gahawar da irin shagunan nan ke ji da ita, duk da dala ake shigo da su. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen ₦460 a farkon 2023 ta wuce ₦1,500 a 2024. A farkon 2025 kuma gahawa ta yi tsadar da ba ta taɓa yi ba a kasuwar duniya, bayan fari a Brazil. Kai da dala za ka saya, kwastomanka da canjin albasa zai biya.

13/ In injin ya lalace fa? Mai gyara yana Abuja ko Legas. Mai shayi in butarsa ta huje, kafin azahar maƙeri ya liƙe ta.

14/ Yanzu mu koma kan maganar Ostareliya. Babban abin da Starbucks ke taƙama da shi, kamar yadda tsohon shugabansa Howard Schultz ya sha faɗa, shi ne wurin zama na uku bayan gida da wurin aiki. Malam, wannan ai majalisa ce. Mu tun kaka da kakanni muke da ita, kuma teburin mai shayi ne hedikwatarta.

15/ A can ake sauraron BBC da DW, a can ake musun Arsenal da Barcelona, a can ake sanin nawa buhun albasa ya kwana, a can ake yanke wa ɗan takara hukunci tun kafin zaɓe. Mai shayi ya san yawan sukarinka ba ka faɗa ba. Ya san ranar da ba ka da ko sisi, ya ce sha kawai, sai Juma'a. Wane shagon gilashi ne zai ba ka bashi?

16/ Ga azumi. Wata guda cur babu mai sha da rana. Mai shayi bai damu ba, ya juya dare ya zama ranarsa, daga bayan tarawi har sahur yana cikin hayaƙi yana ƙirga kuɗi.

17/ Na san abin da za a ce: "Kai dai ba ka son ci gaba, kullum a ƙauye za mu ƙare?" A'a, ɗan'uwa. Ci gaba nake so, shi ya sa ba na son ka yi asara. Kuma ban ce teburin mai shayi ba shi da aibi ba. Yana da su, manya ma, kuma a cikin aibin nan kuɗinka yake kwance.

18/ Ku ƙirga. Bokiti ɗaya ake wanke kofi hamsin. Ƙuda a kan burodi. Babu inda ɗalibi zai baje littafi. Babu wurin cajin waya. Mafi girma: mata ba sa zama. Rabin gari ke nan. Ɗalibar jami'a tana son shayi da Indomie da dare kamar kowa, amma sai dai ta aiki yaro. Ga kasuwa a fili ba mai ita.

19/ Wasu sun riga mu gane wannan. Indiya ma ƙasar masu shayin bakin titi ce. Chai Point da aka kafa a 2010 da Chaayos a 2012 shayin da mutane suka saba suka ɗauka, suka tsaftace shi, suka daidaita ɗanɗanonsa, suka yi rassa birni-birni. A Ingila, Chaiiwala daga Leicester ya faro da shayin gida, yau rassansa sun bazu.

20/ To ga abin da zan yi da ni ne mai jarin. Allah ya hutar da mu: garuruwan nan uku a kan titi ɗaya suke, Jega a tsakiya. Ka sari madara, sukari, ƙwai da Indomie a kasuwar Jega, babur ɗaya ya kai Aliero ya kai Maiyama. Rumfa uku, suna ɗaya, fenti ɗaya, awo ɗaya, farashi a rubuce a allo.

21/ Kowace rumfa da mutanenta. Ta Jega kusa da tasha, dare da asuba, don direbobi. Ta Aliero kusa da jami'a, da benci da fitila, da ɓangaren mata wanda mace ce ke kula da shi, da kai saƙo har masauki. Ta Maiyama a bakin titi, a sallami matafiyi kafin direba ya danna hon.

22/ Maimakon inji, ka sayi sola: fitila, fanka, caji, da firji ɗaya. Da zafi ya shigo, zoɓo, kunun aya da fura da nono mai sanyi su riƙe ka. Da hunturu shayi ya karɓi ragama. Ruwan wanki mai gudana, kofi tsaf. A karɓi taransfa. Wanda ya ga wahalar takardar kuɗi a farkon 2023 ya san dalili.

23/ Gahawar fa? A sa ta. Mai son Nescafé ga shi, mai son gahawa da citta da kanumfari ga ta. A tsaunin Mambila na Taraba ana noman ganyen shayi har da gahawa, ba sai ka tsallaka teku ba. In ka ga ana yawan tambayarta, ka ƙara. Kwastoma ne zai gaya maka lokacin sayen inji, ba Instagram ba.

24/ In kuma wani ya ce ka zuba kuɗi a nasa shagon, yana nuna maka yawan mabiya, ka ce ya kawo littafin ciniki na wata shida. Luckin Coffee na ƙasar Sin a 2020 ya amsa cewa an ƙirƙiri cinikin ƙarya na kusan dala miliyan 300, manyan masu hannun jari na Amurka suka sha ƙasa. Su ma an yi musu, balle kai.

25/ Kada kuma ka raina mai shayin unguwarku. Shekara nawa yana kan teburin nan, ya yi aure, ya gina gida, ya sa yara makaranta. Ya fi ka sanin sana'ar. Ka same shi da ladabi: "Baba, ni ina da jari da tsari, kai kana da hannu da jama'a, mu haɗa." Da tsohuwar zuma ake magani.

26/ Kafin ka kashe ko naira ɗaya, yi wannan: sati guda, daga asuba zuwa hantsi, daga magariba zuwa sha ɗaya, ka zauna inda kake son buɗewa da biro da takarda. Mutum nawa suka zo, me suka saya, nawa suka biya, nawa suka ci bashi. Sannan ka zo mu yi musu da alƙaluma.

27/ 'Yan Jega, 'yan Aliero, 'yan Maiyama, ga fili. Wanda ke ganin shagon gilashin zai kai shekara biyu, ya sauko ƙasa ya faɗa mana wa zai riƙa saye a watan Agusta, ɗalibai sun tafi, albasa ta ƙare, kowa na gona. Ina jira.