Tarihi a Aji: Buxton, Ɗan Majalisar da Ya Aiko da Jirage Kogin Kwara

A makon nan za mu leƙa Ingila mu duba rayuwar wani attajiri mai filaye, kuma ɗan majalisa, mai suna Thomas Fowell Buxton. Kada ku ce mene ne haɗinmu da shi, mu da muke Isa da Sabon Birni. Ku biyo mu, za ku ga inda labarinsa ya taɓa ƙasarmu da harshenmu.

An haifi Buxton a 1786 a yankin Essex. A 1808 ya fara aiki a kamfanin giya na dangin mahaifiyarsa a Landan, inda ya yi arziki, daga baya ya mallaki filaye a yankin Norfolk. Don ku riƙe shekarar da kyau, a 1808 ɗin ne Alkalawa, babban birnin Gobir, ta faɗa hannun mayaƙan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Kufanta na nan a ƙasar Sabon Birni.

A 1818 Buxton ya shiga majalisar dokoki yana wakiltar garin Weymouth. A lokacin ba a biyan 'yan majalisar Ingila albashi, kuma mafi yawan talakawa ba su da ƙuri'a. Saboda haka kujerun sun zama na masu filaye da masu kuɗi, kuma a cikinsu akwai waɗanda dukiyarsu ta fito daga gonakin rake na tsibiran Karibiyan, inda bayi daga Afirka ke aiki ba lada.

Tun 1807 Ingila ta haramta fataucin bayi a teku, amma waɗanda aka riga aka kai suna nan cikin bauta, su da 'ya'yansu. Da William Wilberforce, jagoran masu adawa da bauta, ya tsufa, sai ya danƙa wa Buxton ragamar. A 1823 Buxton ya gabatar da ƙudurin a kawar da bautar sannu a hankali. Shekara goma aka kwashe ana ja-in-ja. Su ma bayin ba su naɗe hannu suna jira ba: a 1831 dubbai suka yi bore a Jamaika ƙarƙashin Samuel Sharpe, aka murƙushe su da kisa, amma boren ya tsorata masu mulki. A 1833 majalisa ta zartar da dokar soke bauta, wadda ta shafi mutane kusan 800,000.

Ga inda ya kamata ɗalibi ya tsaya ya yi tunani. Gwamnati ta ware fam miliyan 20 na diyya, amma iyayen gijin aka biya. Waɗanda aka bautar ba su samu ko sisi ba, har ma aka tilasta wa yawancinsu ci gaba da yi wa tsofaffin iyayen gijinsu aiki zuwa 1838. Buxton ya amince da diyyar don dokar ta samu wucewa, wasu abokan gwagwarmayarsa kuwa suka ga ya yi sassauci da yawa.

A 1837, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno, Buxton ya faɗi zaɓe. Sai ya mayar da hankalinsa Afirka. Ra'ayinsa shi ne, muddin sayar da mutum ya fi sayar da auduga riba, ba za a daina ba, don haka a kawo noma da ciniki su maye gurbinsa. Ya shawo kan gwamnati, a 1841 aka turo jiragen ruwa uku zuwa kogin Kwara, wato Neja. Sun ƙulla yarjejeniya da Attan Igala a Idah, suka buɗe gonar gwaji a mahaɗar Kwara da Binuwai, inda Lokoja take a yau. Amma zazzaɓi ya far musu, Turawa fiye da 40 suka mutu, aka watsar da gonar. Buxton ya ji zafin wannan asara ƙwarai, ya rasu a 1845.

Duk da haka tafiyar ta bar abubuwa biyu da suka shafe mu. Na farko, a cikin jiragen akwai Samuel Ajayi Crowther da wani Bajamushe ɗan mishan, James Frederick Schön, wanda ya duƙufa kan koyon Hausa. A 1843 ya buga littafin kalmomin Hausa, a 1862 na nahawu, a 1876 ƙamus. Babban mataimakinsa shi ne Dorugu, yaro Bahaushe da aka kama bawa, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila yana sa'anku. Wannan yana cikin tushen rubutun Hausar boko da kuke karantawa yanzu, ko da yake malamanmu sun daɗe suna rubutu da Larabci da ajami. Na biyu, hanyar kogin da aka buɗe da sunan taimako ita 'yan kasuwa suka bi, sojoji suka biyo bayansu. A Lokoja ɗin Lugga ya kafa tutar Ingila a 1900, a 1903 kuma Sakkwato ta faɗi.

Kada mu ɗauka bauta laifin Turawa ne kaɗai. A ƙasar Hausa ma an kama mutane a yaƙi, an sayar da su a kasuwa, an zaunar da su a rinji suna noma, kuma sai 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Mu da muke wannan yanki mun san zafin a ɗauke mutum daga gona ko daga hanya a yanka masa farashi, don ba a littafi muka karanta ba. Duk wanda ya sa wa ɗan Adam kuɗi, jiya ko yau, aiki ɗaya suke yi.

Aikin gida na wannan mako: ku tattauna a aji, shin Buxton ya yi daidai da ya yarda a biya iyayen giji don a 'yanta bayi da wuri, ko da ya dage ko da za a ƙara shekaru? Kowa ya kawo hujjarsa, ku rubuto mana a shafi ɗaya tare da sunan makarantarku. Za mu buga waɗanda suka fi ma'ana. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.