Gwada iri kafin ka shibka shi

Ya kai ɗan'uwa manomi, kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci, yau magana da kai nake.

Shiga ɗakinka ka duba ƙullin tsumma da gwangwanin da ke rataye a jikin rufi. Iri nawa ne a ciki wanda ka san sunansa da shekarar da aka tara shi? Wani ɗanka ne ya kawo shi daga Kano ko Agadas, wani a kasuwar Kornaka ka saye shi a ƙullin leda, mai sayarwa ya ce kabeji ne. Ka yarda, ka gyara fangali, ka yi kwana 40 kana jan ruwa daga rijiya mai zurfi. A ƙasar Dakoro ka san abin da guga ɗaya yake ci na ƙarfin mutum. In abin da ya fito ba kabeji ba ne, wa zai biya ka ruwanka?

Tun bayan farin 1984, da gwamnatin Seyni Kountché ta tura mutane noman rani, iri baƙo yake shigowa garakenmu. Ido kuwa ba ya raba shi duka. Irin kabeji ƙanana ne masu zagaye, kuma danginsa da yawa haka suke. Irin yakuwa da na rama sun yi kama. Irin kankana da na guna, har da na kwartowa mai ɗaci, sukan rikita wanda bai saba ba. Kada kuma ka ce za ka gane da harshe. Zurma da zaƙami dafi gare su, kuma irin da ka gani an rina shi ja ko shuɗi magani ne aka barbaɗa masa. Ka ɗaga shi inda yara da kaji ba su kai.

Ra'ayina shi ne, irin da ba ka sani ba bai da hurumin shiga garka sai ya bi ta gwangwani. Ƙirga ƙwaya 10, ka naɗe su a tsumma mai laima, ka ajiye a inuwa kusa da randa, kana yayyafa ruwa safe da marece. Bayan mako ɗaya zuwa kwana 10 ka buɗe ka ƙirga. In 8 sun tsira, irin na da rai. In 3 ne kawai, ko ka ƙara yawan abin da za ka zuba, ko ka nemi wani. Waɗanda suka tsira ka dasa su a gwangwani mai huda a gindi. Ganyen farko guda biyu ba su faɗin gaskiya, don tsiro da yawa da su suke fara kama da juna. Jira ganye na uku da na huɗu, ka murza ka shinshina, ka kai wa tsohuwar da ta daɗe tana miya ko malamin gona. Sa'an nan ka ɗauki alƙalami ka rubuta a jikin ƙullin: suna, inda ya fito, wata da shekara. Karatun da ka yi ke nan ya shiga gona.

Sai dai akwai irin da gwajin tsumma zai sa ka yi masa ƙazafi. Gawo, bagaruwa, kuka, tsamiya: ka jiƙa su mako biyu, suna nan kamar tsakuwa. Mutane da yawa sai su ce irin ya mutu, su zubar. Da ransa. Ɓawonsa ne mai tauri da santsi, ruwa ba ya ratsa shi, kuma ƙwaya ba ta farkawa sai ta sha ruwa. Allah ya yi shi haka don kada yayyafin farko ya ruɗe shi ya tsira, rana ta kashe shi. Ka lura inda ƙananan gawo suka fi fitowa: wurin da awaki da shanu suka kwana. Dabba ta ci kwanson, cikinta ya lallasa ɓawon, ta kayar da ƙwayar tare da takinta.

Abin da cikin akuya ke yi, kai ma kana iya yi. In irin kaɗan ne, ka goga kowace ƙwaya a kan dutsen wasa wuƙa, a gefen da ke nesa da cibiyarta, har ka hango fari ɗan kaɗan. Tsaya nan, in ka zarce ka ji wa ƙwayar ciwo. Ka jiƙa a ruwan sanyi kwana ɗaya. In irin da yawa ne, ka tafasa ruwa, ka sauke tukunyar daga wuta, ka zuba irin, ka bar shi ya huce a ciki har gobe. Ka ji da kyau, a sauke tukunya tukuna. Wanda ya bar ta a kan murhu dafuwa ya yi. Da safe waɗanda suka kumbura ka shibka su ran nan, kada su sake bushewa. Waɗanda ba su kumbura ba a maimaita musu. Masu hudar ƙwaro da masu tasowa bisa ruwa ka yar. Magarya kuwa ƙwallonta ake fasawa a hankali a fid da ƙwayar ciki.

Wannan wanka ba na kowa ba ne. Zogale, tumatir, albasa da salati ruwan zafi kashe su yake. Kuɓewa ruwan sanyi na dare ɗaya ya ishe ta. Irin dogon yaro ba ya ajiyuwa, da ya faɗo ake shibka shi cikin ƴan makonni. Na kuma ji masu cewa a zuba ruwan batir, wai haka ake yi a manyan wuraren renon itace. Can ma'aikata ne da ma'auni da safar hannu. A gida abin da zai jawo maka shi ne ƙunar hannu ko makantar yaro.

Wani zai ce mini, mene ne na wahala da irin gawo, alhali sassaben zamani ya wadatar? Gaskiya ne, tun daga 1983 da Tony Rinaudo da manoman Maradi suka fara barin tohon kututture suna gyara shi, gonaki masu yawa sun sake yin itace ba tare da an shibka ko ƙwaya ɗaya ba. Inda kututture yake da rai, shi ne hanya mafi sauƙi, ni ma shi zan fara ba ka shawara. Amma akwai gonaki a arewacin Dakoro, wajen kwarin Tarka, da iska ta share har saiwar ta mutu. Can babu abin da zai toho, sai an kai iri.

In kana son dashe ya kai ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace, to ka jiƙa irinka tun Afrilu, don gawo na son wata uku zuwa huɗu a leda. Kada ya wuce haka, saiwarsa doguwa ce, tana naɗewa a gindin leda. In ruwan reno ya yi maka wuya, ka jira damana ta zauna, ka sa ƙwaya 3 da ka goge a rami ɗaya cikin gonar hatsi, ka kewaye da ƙaya saboda awaki.